Kamu Ashirin da Biyu na Malam Almu

Duk Hillat Sambo babu wanda ya kai Malam Almu iya tsiya, kuma babu wanda ya sha tsiyarsa kamar 'yarsa Ikhlas. Shi manomin auduga ne, yana da hawasharsa, wato gonar ban ruwa da ya gada wurin ubansa, amma da rani magini ne, rabin ɗakunan ƙasar da ke ƙauyen aikin hannunsa ne. Dogo ne sambal, irin wanda yake sauko da abu daga saman rumfa ba tare da ya yi ɗage ba. Ita kuwa Ikhlas karatun zanen gine-gine ta yi a Madani, ta dawo gida da kwamfuta da wani aiki da dattawan ƙauyen suka kasa gane kansa. Wasu masu bincike ne daga ƙasar waje suke turo mata hotunan kangon wani ɗakin bauta na mutanen Girka na dā, waɗanda ake ce wa Igirigi a ƙauyen, wanda ya zube tun shekara dubu biyu da ɗoriya. Sai ta zauna a ƙarƙashin rumfa ta haɗa hotunan nan, ta auna guntayen duwatsun, ta tayar da ginin a cikin kwamfuta, ginshiƙi bayan ginshiƙi, har rufinsa.

Malam Almu kan dawo daga gona ya tsaya a kanta, fartanya a kafaɗa. "Igirigi dai? Ni Igirigin da nis sani cuku da zaitun shike saidawa a kasuwar Madani, kuma bai taɓa ce min gidan kakanai ya faɗi ba. To injiniya, yaushe za a tare? A kira ni in yi musu yaɓe kafin damina."

"Kai Baba!"

"Allah kuwa. Gini ba laka, ba gumi, ba mai shiga. Wanga aiki ko aljani ya sallama miki."

Sai ya yi gaba yana dariya. Amma fa in ya zauna a majalisa bayan la'asar, kowa ya shiga uku da labarin ɗiyarsa da Turawa suke roƙo ta gyara musu gidajensu.

Akwai ranar da ya ja kujera ya zauna kusa da ita da gaske. Ta nuna masa yadda malamarta, Dakta Widad, ta koya musu cewa maginan Girka da ƙafa suke awo, kuma ƙafar wannan gari ba ita ce ta wancan ba. In kana son ka tayar da kango daidai, sai ka fara gano ma'aunin wanda ya gina shi daga jikin ginin kansa. Malam Almu ya gyaɗa kai ya ce ashe dai suna da hankali. Ya bugi gwiwar hannunsa ya ce shi ma ga mitarsa nan, tun da aka haife shi take manne da shi, ba ta taɓa ɓata ba. Ikhlas ta yi masa dariya har da riƙe ciki, ta ce za ta sayo masa tef ɗin awo na mutanen kirki. Ba ta sayo ba.

Yaƙi ya iso yankinsu na Jazira a ƙarshen shekarar. Da aka fara jin harbi daga ƙauyukan gabas, Malam Almu ya loda matan gidan a motar wani maƙwabci zuwa Makwar: matarsa Talatu, da Ikhlas, da ƙanwarta Muhsina mai tsohon ciki. Ikhlas ta goya kwamfutarta a baya kamar jariri, ta lulluɓa mayafi a kai. Shi da ɗansa Ƙasimu suka tsaya, wai su ga abin da hali zai yi, su biyo baya bayan kwana biyu.

Bayan kwana shida ya iso, a ƙasa, shi kaɗai.

Masu bindiga ne suka shigo da hantsi suna neman makullin Keke-Napep ɗin Ƙasimu, wanda can ake ce wa raksha. Ƙasimu, ɗan shekara ashirin da huɗu, bai ma hana ba, ya dai yi jinkirin laluben aljihu. A tsakar gida ya faɗi. Hanyar maƙabarta kuwa motocinsu ne a kai. Malam Almu ya wanke ɗansa shi kaɗai, ya yi masa salla shi kaɗai, ya haƙa masa kabari a cikin gida, ya baje ƙasar ya daidaita don kada a gane a tone. Iyakar abin da ya faɗa ke nan a Makwar, daga nan bakinsa ya mutu. Mutumin da ba ya iya shan shayi bai tsokani mai shayin ba, ya koma sai a yini ba a ji muryarsa ba.

Daga Makwar suka gangara Damazin, aka ba su kusurwar wani aji a makarantar da aka tara 'yan gudun hijira. A nan ciwo ya kwantar da shi da damina. Wata rana da azahar, Talatu ta tafi layin ruwa, ya yafito Ikhlas da hannu.

"Injiniya, riƙe wanga. Ki tsaya bisa dokin ƙofar ɗakin uwarki, ki fuskanci alƙibla, ki auna kamu ashirin da biyu. Nan kan Ƙasimu yake. Na kifa dutsen niƙan uwarki a wurin, na rufe da ƙasa. Maimaita."

Ta maimaita, hawaye na shiga mata baki. Ya sa ta sake, ta sake, har sau uku. Bayan kwana uku ya cika. Lokacin mutuwa ta yi yawa a makarantar, gawa huɗu aka fitar ran nan. Wasu bayin Allah da ba su ma san sunansa ba suka ɗauke shi zuwa wata maƙabarta a bayan gari, mata kuwa ba sa bin gawa.

Sai da aka yi damina biyu sannan hanya ta buɗe suka koma. Wanda bai san ginin ƙasa ba ba zai gane ba: ɗaki in ba a yaɓe shi kowace shekara, ruwa cinye shi yake yi. An ɓalle ƙofofi, an kwashe azara da kwano, sauran kuma damina ta gama da shi. Layinsu gaba ɗaya ya koma tudun baƙar laka, ciyawa ta rufe, ba ka sanin inda gidan wani ya ƙare na wani ya fara. A gidan Malam Almu abu biyu kawai suka tsira, dakalin simintin famfo da falwayar wutar da ke ƙofar gida.

Talatu ta tsaya a gefen tudun ta ƙi hawa. "Ina zan taka? In na taka shi fa?"

Ƙaninta Salih, wanda ya riga su dawowa, ya kafa musu rumfar buhu a bakin hanya. Ya ce in sha Allahu cikin wata guda zai tayar musu da ɗaki ɗaya, ƙasar ma ga ta nan, sai dai a kwaɓa, a haƙa masai a can gefe. Talatu ta miƙe tsaye.

"Wallahi Salih ba mai sa diga a gidan ga. Ka haƙa masai bisa ɗana? Ka kwaɓa min shi cikin bango? Ko shekara goma zan yi a rumfar ga, sai an nuna min inda yake."

Kawu Salih ya dubi Ikhlas, Ikhlas ta dubi ƙasa. Tana da lissafin da ubanta ya bar mata, amma ina dokin ƙofar? Babu ƙofar, babu ɗakin.

Abin da take da shi hotuna ne. Bikin Muhsina a tsakar gidan aka yi shi, kuma Ikhlas irin mutanen nan ne da ba sa goge komai daga waya. Hoto tamanin da uku, da bidiyo biyu da Ƙasimu ya ɗauka yana zagaya gida yana tsokanar masu tuƙa tuwo. Ta ari tef ta auna daga dakalin famfo zuwa falwaya, ta sami ma'auni na gaskiya guda ɗaya. Kullum da safe sai ta kai kwamfutar masallaci a sa mata caji a sola, ta dawo ta zauna a rumfa. Aikin da ta yi wa Igirigi shi ta yi: ta nemo kusurwa ɗaya a hoto uku, ta ɗaure su, ta ja bango. Sai dai a kangon Girka babu wanda yake leƙowa daga bayan ginshiƙi. A nan kuwa duk kusurwar da ta nema sai ta tarar da mutum a gabanta. Ga Baba yana gyara rawani, ga rabin fuskar Ƙasimu, ga hannunsa riƙe da tiren shayi ya tare mata gefen taga. Dole ta ƙara girman hoton, ta bi gefen kunnensa da kibiya don ta sami layin bango. Takan rufe kwamfutar ta zagaya bayan rumfa ta yi kukanta, ta share ido ta dawo.

Ran kwana na tara gidan ya tsaya a cikin kwamfuta. Ɗakuna uku, da madafa, da zaure, da katanga mai ɗan doro a wajen yamma. Ta kira uwarta ta juya mata shi a hankali, ta shigar da ita ta zaure har tsakar gida. Talatu ta kai yatsa ta taɓa ƙofar ɗakinta a jikin gilashin, ta janye da sauri.

"Ba kowa ciki," ta ce. Ta tashi ta koma wurin murhu.

Washegari Ikhlas ta ja igiya daga famfo, ta ja wata daga falwaya, inda suka haɗu ta kafa turke: dokin ƙofa ke nan. Ta duba alƙibla a waya. Saura kamu. Ta buɗe littafi a cikin kwamfuta, littafi ya ce kamu santimita arba'in da biyar ne. Ta buga sau ashirin da biyu, ya ba ta mita goma ba kaɗan. Ta auna, ta kafa turke na biyu.

Ƙasar Jazira ba ta da dutse, ko na jifan kare sai ka nema. Saboda haka Kawu Salih ya samo rodi mai tsini, ya ce duk inda ƙarfe ya yi ƙara, to dutsen niƙan ne. Ya yi bismilla ya soka. Rodi ya nutse shiru. Ya matsa taki guda ya soka, ya koma dama, ya koma hagu. Har rana ta take, wurin ya zama kamar rariya, babu ko ƙyas.

Kwana na biyu Kawu Salih ya ce a bar wannan boko, Almu da hannu ya ce, da hannu za a auna. Ya durƙusa ya dinga kifa hannunsa daga turken ƙofa. To Kawu Salih, Allah ya ba shi zuciya amma ya rage masa tsawo, in yana kan jaki ma ba a cika lura ba. Awonsa ko turken Ikhlas bai kai ba. Nan ma aka soka, aka soka. Maƙwabta suka fara taruwa suna ba da shawara. Wani ya ce ai mai ciwo ba a kama maganarsa, wataƙila goma sha biyu ya ce. Wata ta ce ko dutsen ma an sace.

Da yamma ta uku Talatu ta zo ta tsaya a kan Ikhlas. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Shekara biyu kina tada ɗakin mutanen da ba ki sani ba, waɗanda ko ƙashinsu bai saura ba. Ubanki shina yawo da sunanki gari-gari. Ɗan'uwanki guda, cikin gidan da anka haife ki, kin kasa."

Maganar ta shigi Ikhlas har ƙashi, don ita ma abin da take faɗa wa kanta ke nan. Ta fara zargin kunnenta. Ashirin da biyu ya ce? Sau uku ta maimaita masa, amma ai tana kuka a lokacin.

Da safe ta buɗe gidan ta bi shi bango-bango tana neman inda ta yi kuskure. Talatu ta kawo mata shayi ta ajiye, irin ban haƙurin iyaye da ba a furtawa. Ta ɗan tsaya tana kallon ɗakinta daga sama, ba rufi, kamar akwati.

"Tara da bakwai," ta ce, kamar mai magana da kanta.

"Na'am, Inna?"

"Ɗakin. Bai taɓa gina ɗaki ba sai kamu tara da bakwai, ƙofa kamu biyu. Na yi na yi ya ƙara min ko kamu guda saboda gadona, ya ce azara ba ta kaiwa. Taurin kai dai."

Ikhlas ta ajiye kofin, shayin ya zube mata a ƙafa ba ta ji ba. Ta ja layi a tsawon ɗakin uwarta: santimita ɗari huɗu da tamanin da shida. Ta raba tara, ya ba ta hamsin da huɗu. Ta ja faɗin, ta raba bakwai, hamsin da huɗu. Ta auna ƙofa, ɗari da takwas. Ta koma ɗakin Ƙasimu, ta koma na baƙi, duk bakinsu ɗaya. Innalillahi! Abin da Dakta Widad ta yi shekara tana dasa mata a ka, abin da ita da bakinta ta zauna ta koya wa ubanta, shi ta manta ran da ya fi kowace rana amfani. Ta je ta tambayi littafi tsawon hannun mutum, alhali mutumin ya bar hannunsa a kowane bango na gidan.

Ta fita ba takalmi. Ta sami busasshen karan auduga miƙaƙƙe a bakin hanya, ta auna hamsin da huɗu, ta yanke da wuƙar girki. Ta kawo ta miƙa wa uwarta.

"Mi ne ne wanga?"

"Kamun Baba ne, Inna. Daga gwiwar hannunsa zuwa kan yatsansa."

Talatu ta karɓa ta juya shi. Ta nufi tudun da ta yi sati biyu tana ƙin takawa, ta durƙusa a turken ƙofa. Ikhlas ta ja mata igiya ta saita alƙibla. Talatu da kanta ta dinga kifa karan a ƙasa tana ja da gwiwa, tana ƙirgawa a fili. A goma sha takwas ta iso dab da turken Ikhlas da ramukan da aka soka. Goma sha tara. Ashirin. Ashirin da biyu ya faɗa a wani wuri mai ciyawa da ba wanda ya taɓa kallo, kusan mita biyu gaba da inda suka yi kwana uku suna wahala.

Kawu Salih ya kafa rodi ya danna a hankali. Ya shiga taƙi ɗaya, ya shiga biyu, sai ƙarfe ya ce ƙwas.

Ba wanda ya yi kabbara. Kawu Salih ya ajiye rodin ya sa hannu yana yaye ƙasa, Ikhlas ta durƙusa ta taya shi, har bayan dutsen ya fito, a kife kamar yadda aka faɗa. Talatu ta shafa gefensa ta sami ɓallin da ya yi tun shekarar da aka haifi Muhsina. Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta dafa wurin da tafin hannu biyu.

"Ƙasimu, ga ni. Na yi latti, ɗana. Ga ni na zo."

Kukan da ta riƙe tun Makwar ya ɓalle. Matan maƙwabta suka kewaye ta, maza suka koma gefe suka ɗaga hannu suna addu'a. Kawu Salih ya tafi neman tubalin da za a kewaye wurin, yana tafe yana share fuska da hular kansa.

Da mutane suka watse, rana ta yi sanyi, Ikhlas ta kai hannu za ta ɗauki karan don ta auna inda za a ja katangar kabarin. Talatu ta riƙe gam. Ta ɗora shi a kan nata hannun, daga gwiwa, ya zarce yatsunta da kusan taƙi guda. Ta daɗe tana kallon abin da ya zarce ɗin.

"Haka yake," ta ce. "In ya miƙo min abu daga bakin ƙofa ba ni tashi."

Ta goge ƙasar da ke jikin karan da bakin mayafinta, ta rungume shi a ƙirji. Sannan ta ɗago ta dubi 'yarta da wani irin sa rai da Ikhlas ba ta taɓa gani a idonta ba, sa ran wanda ya ga abin al'ajabi sau ɗaya ya ɗauka za a iya maimaitawa.

"To shi fa, ɗiyata? Can Damazin. Ki buɗe na'urar taki ki duba min. Kamu nawa ne daga ƙofa?"

Ikhlas ba ta da hoton wannan maƙabarta ko ɗaya, ba ta san ta wace ƙofa aka shiga da shi ba, kuma a cikin mutanen da suka ɗauke shi babu wanda ya tsaya ya auna.